Ƙungiyar Ƙwallon Jami'ar Michigan a Kakar 1901

Ƙungiyar Jami'ar Michigan ta 1901, wadda ake wa laƙabi da Wolverines, ita ce ta wakilci jami'ar a gasar ƙwallon zari-ruga irin na Amurka tsakanin manyan makarantu. Ta buga wasa 11, ta ci duka, ta tara maki 550, ba kuma wanda ya ci ta ko da maki ɗaya. Ita ce ta lashe wasan Rose Bowl na farko a tarihi, wato wasan da ake shiryawa tsakanin jami'o'i lokacin sabuwar shekara a Pasadena ta jihar Kalifoniya. Filinta na gida shi ne Regents Field da ke garin Ann Arbor, kyaftin ɗinta kuwa Hugh White.

Zuwan Yost

A kakar 1900 Michigan ta ci wasa 7, aka doke ta sau 2, ta yi canjaras sau 1. Sai jami'ar ta ɗauko Fielding H. Yost, ɗan jihar West Virginia mai shekara 30, ya zama koci. Shekara guda kafin nan yana horar da ƙungiyar Jami'ar Stanford a Kalifoniya, amma Stanford ta kafa ƙa'idar cewa sai tsohon ɗalibinta ne zai riƙa horar da 'yan wasanta, dole Yost ya nemi wani wuri. Bai taho hannu rabbana ba: ya jawo Willie Heston, matashin da ya sani a San Jose, wanda daga baya ya shiga sahun fitattun 'yan wasan zamaninsa.

Yadda ake wasan a lokacin

Kafin a auna girman maki 550, sai an san dokokin wancan zamani. Ba a yarda a jefa wa abokin wasa ƙwallo gaba ba, sai a 1906 aka halatta hakan. Duk tazarar da za a ci, da ƙafa da ƙirji za a ci ta, ɗan wasa ya rungumi ƙwallo ya kutsa cikin mutane. Tsawon fili yadi 110 ne, ana kuma ba ƙungiya dama uku ta ci yadi 5, in ta kasa ƙwallo ya koma hannun abokan hamayya. Wanda ya kai ƙwallo bayan layin ƙarshe maki 5 yake samu, yau kuwa 6 ne.

Dabarar Yost ita ce sauri. Da an kayar da mai ƙwallo, 'yan wasansa sun riga sun jeru, Boss Weeks, ɗan wasan da ke tsara hari a cikin fili, ya ba da umarni, an sake kai hari tun abokan karawa ba su gama miƙewa ba. Yawan azalzalar da Yost yake yi musu a wajen atisaye ya sa ake masa laƙabi da mai cewa a hanzarta. Wannan salo na bukatar jiki mai juriya, kuma a nan aikin Keene Fitzpatrick, mai kula da lafiya da motsa jikin 'yan wasa, ya yi rana. 'Yan jarida suka riƙa kiran ƙungiyoyin Yost masu cin maki guda kowane minti.

Wasannin kaka

An buɗe da lallasa kwalejin Albion 50 da nema, aka bi da Case, Indiana da Northwestern. Buffalo ce ta fi kowa shan kashi, 128 da nema. Wasannin da suka ɗan yi tsauri uku ne: na makarantar Carlisle ta 'yan asalin Amurka, ƙarƙashin koci Pop Warner, 22 da nema a Detroit, na Ohio State, 21 da nema a Columbus, sai na Chicago ta koci Amos Alonzo Stagg, shi ma 22 da nema. Beloit ta sha 89, Iowa ta sha 50.

Pasadena

Masu shirya bikin furanni na garin Pasadena suka gayyaci Michigan ta kara da Stanford ran 1 ga Janairun 1902 a filin Tournament Park, wanda shi ne wasan Rose Bowl na farko. Ga Yost, haɗuwa ce da waɗanda suka sallame shi. Neil Snow na Michigan shi kaɗai ya kai ƙwallo bayan layi sau 5. Saura kusan minti 8 a tashi, 'yan Stanford sun jigata, kyaftin ɗinsu ya nemi a tsaya, aka tashi 49 da nema. Wasan bai yi wa masu bikin daɗi ba, har suka jingine ƙwallo suka koma tseren keken doki, ba a dawo da wasan ƙwallon ba sai 1916.

Matsayinta

Michigan ta raba kambun gasar jami'o'in yankin Yamma da Wisconsin, wadda ita ma ba a doke ta ba a kakar. Batun zakaran ƙasa kuwa akwai ja-in-ja, domin Harvard ta ci wasanninta 12 duka, ba su kuma haɗu ba. A lokacin babu gasar tantance zakara, kuma manyan jami'o'in Gabas na kallon na Yamma a matsayin 'yan baya. Masu bitar tarihi daga baya suka rabu, wasu suka ba Michigan, wasu Harvard. Gaskiya ne wasu daga cikin waɗanda Michigan ta casa ƙananan kwalejoji ne, sai dai hana Chicago, Carlisle da Stanford cin ko maki ɗaya ba aikin sa'a ba ne.

Daga 1901 Michigan ta buga wasa 56 a jere ba a doke ta ba, canjaras ɗaya kawai ta yi, 6 da 6 da Minnesota a 1903. Chicago ce ta taka mata birki a wasan ƙarshe na 1905, da maki 2 da nema.