Waiwaye: Yadda Aka Kai Ga Sanin Shekarun Duniya

Masana kimiyya a yau sun tsaya a kan cewa duniyar nan ta kai shekara biliyan 4.54, kuma duk wanda ya ji wannan adadi yana da haƙƙin ya tambayi yadda aka ƙirga shi, tunda babu ɗan Adam da ya halarci farkon al'amarin. Amsar ta zo ne a zango biyu masu nisa da juna. Da farko an gano wane dutse ne ya girmi wani, sai can daga baya aka san yawan shekarun kowannensu.

Tun a ƙarni na 11 masanin nan Albiruni ya sa ido a kan duwatsun da ake tonowa a filayen Indiya, ya ga cewa a gindin tsaunuka, inda koguna ke gudu da ƙarfi, duwatsun manya ne mulmulallu, ana yin nisa suna ƙanƙancewa, har a isa bakin teku inda sai yashi kawai. Daga nan ya fahimci cewa a da wurin teku ne, koguna suka cike shi sannu a hankali da abin da suke kwasowa. A shekarar 1669 kuma Nicolas Steno, mutumin Danmak da ke zaune a Italiya, ya rubuta ƙa'idar da har yau ake aiki da ita: laka da yashi suna kwantawa ne hawa-hawa, saboda haka shimfiɗar da ke ƙasa ta girmi wadda ke samanta, muddin ba a birkita su ba.

Wurin da ya fi nuna zurfin lokaci shi ne Siccar Point, a gaɓar tekun Sikotilan, inda masanin duwatsu James Hutton ya je cikin jirgin ruwa a 1788. A can akwai shimfiɗun wani dutse mai launin toka da suka miƙe tsaye, an datse kawunansu, sannan jan dutsen yashi ya kwanta a kansu. Kafin a samu haka, dole laka ta taru a ƙarƙashin teku ta zama dutse, ƙasa ta motsa ta tayar da shi tsaye, ruwa da iska su cinye samansa, sannan sabon yashi ya rufe shi, shi ma ya daskare. Hutton ya tabbata cewa wannan ba aikin 'yan dubban shekaru ba ne, amma ba shi da hanyar faɗin adadi. Yanzu an san tazarar da ke tsakanin duwatsun biyu ta kai kimanin shekara miliyan 65.

William Smith, wanda sana'arsa awon ƙasa ce don haƙa hanyoyin ruwa a Ingila, shi ne ya lura cewa kowace shimfiɗa tana da irin burbushin halittun da ke cikinta, har ana iya gane ta ko an same ta a wani gari mai nisa, kuma ya fitar da taswirarsa a 1815. Da wannan dabara aka jera zamunan duniya, aka raɗa wa wasunsu sunayen wuraren da aka nazarce su, kamar Jurasik daga tsaunukan Jura. Jerin ya tsaya daram, sai dai babu shekara ko ɗaya a jikinsa.

An yi ta gwada cike wannan giɓi. Buffon na Faransa ya zafafa dunƙulen ƙarfe ya auna lokacin hucewarsu, ya samu kimanin shekara 75,000. Lord Kelvin ya bi hanyar hucewar duniya da lissafi mai zurfi, a 1862 ya ce tsakanin shekara miliyan 20 zuwa 400, daga baya ya rage zuwa miliyan 20 zuwa 40. Lissafinsa ba shi da aibi, zatonsa ne ya kauce, domin ya ɗauki cikin duniya a matsayin daskararren abu, alhali duwatsun ciki suna motsi a hankali suna kai zafi sama.

Abin da ya warware matsalar ya fito ne daga wani fanni dabam. Bayan binciken da Henri Becquerel ya yi a kan sinadarin yuraniyom a 1896, an gane cewa wasu sinadarai suna rikiɗewa da kansu su zama wasu, a kan saurin da zafi ko matsin cikin ƙasa ba sa sauya shi. Nau'in yuraniyom mai lamba 238 yana komawa dalma, kuma rabinsa yana ƙarewa ne a cikin shekara biliyan 4.47, mai lamba 235 kuwa a cikin shekara miliyan 704. A 1907 Bertram Boltwood ya auna dalmar da ke cikin ma'adinan yuraniyom ya samu shekarun da wasunsu suka haura biliyan ɗaya, sannan Arthur Holmes ya shafe rayuwarsa yana daidaita waɗannan alkaluma da jerin zamunan da aka gada.

A ganina babu abin da ya kai ƙwayar zarkon, wani ma'adini da ake samu a cikin duwatsu, ban sha'awa a wannan tarihi. Sau da yawa ba ta fi ƙwayar yashi girma ba, amma lokacin da take daskarewa a cikin narkakken dutse tana karɓar yuraniyom, tana ƙin dalma. Saboda haka kusan duk dalmar da aka tarar a cikinta daga baya ta samu, kuma tunda nau'in yuraniyom biyu ne a ciki, agogo biyu ke nan masu gudu daban-daban. Idan suka faɗi lokaci ɗaya, da wuya a ce dace ne kawai. Mafi tsufan zarkon da aka samu, a Jack Hills ta yammacin Ostireliya, ya kai kimanin shekara biliyan 4.4.

To amma duniya tana narkar da tsofaffin duwatsunta, don haka Clair Patterson ya koma ga duwatsun da suka faɗo daga sararin samaniya, waɗanda suka samu tare da ita, ciki har da wanda ya faɗa a Arizona. Dalmar da ke cikin ƙura da iska ta riƙa ɓata masa awo, har sai da ya gina ɗakin gwaji mai tsananin tsabta, sannan a 1956 ya wallafa shekara biliyan 4.55.

Mutane da yawa suna zaton da sinadarin kabon 14 ake wannan aiki, amma ba haka ba ne. Rabinsa yana ƙarewa a shekara 5,730, awon da ake yi da shi ba ya wuce kimanin shekara 50,000, kuma abin da ya taɓa rayuwa kaɗai yake aunawa. Shimfiɗun da ke ɗauke da tsofaffin ƙasusuwa kuwa, galibi tokar aman wuta da ke sama da ƙasansu ake aunawa, sai a san tsakanin da suka faɗa. Kayan awo na ƙara inganta, alkaluman ma ana gyara su: ƙarshen zamanin dainaso, wanda tsofaffin littattafai ke cewa shekara miliyan 65, yanzu miliyan 66 ne, farkon zamanin Kambiriyan kuma, ɗaya daga cikin tsofaffin zamunan duniya, ya sauko daga miliyan 570 zuwa kimanin 539.