Yaro mai faɗa: a jini yake, ko gani ya yi?

Daga cikin birnin Zariya har Sabon Gari da Samaru, idan ɗan shekara 13 ya cika faɗa sai a ce hali zanen dutse, haka aka haife shi. Gaskiya ne yara sun bambanta wajen saurin fushi, amma zancen bai tsaya nan ba.

A 1961 an yi wani gwaji a Amurka: ƙananan yaran da suka ga babba yana jibgar 'yar tsana, da aka bar su da ita sai suka kwaikwaye shi. Binciken da ya biyo baya kan matasa ya nuna wanda ke yawan ganin duka, a gida ko a unguwa, ya fi saurin kai hannu, ko da ba shi ake duka ba. Yakan saba zaman ɗar-ɗar, har in an bangaje shi bisa kuskure ya ɗauka da gangan ne. Ga shi ɓangaren ƙwaƙwalwa mai danne fushi ba ya gama nuna sai an haura shekara 20.

Sai dai yawancin yaran da ke ganin duka ba sa zama mafaɗata. Wasu tsoro da rashin barci ke damunsu. Samun babba mai sauraronsu yana taimakawa ƙwarai, kuma a ganina nan muka fi sakaci.

Kafin ku yanke hukunci, ku lura yaushe faɗan ya fara, me ya canza a gida ko hanyar makaranta a lokacin. Ku tambayi malaminsa, ku tambayi yaron cikin lallashi.

Don Allah a tura wa iyaye da malamai.