Tonar fuska: ki juya kwalbar ki karanta bayanta

Duk wadda ta shiga layin masu kayan kwalliya a Kasuwar Sheikh Gumi ta san yadda kwalaben tona suka cika kanta, kowacce da alkawarinta a goshi: wannan ta goge tabo, waccan ta sa fuska sheƙi cikin mako ɗaya. Ga tambayoyin da ƙannena da ƙawayena suka fi yi mini a kansu.

Anti, wai mece ce tona, kuma dole ne sai da ita?

Ruwa ne da ake shafawa bayan an wanke fuska, kafin a sa mai. Ba dole ba ce. Fatar mutum tana da ɗan tsami, a ma'aunin pH tana tsakanin 4.5 da 5.5, shi kuwa sabulu irin na salo ba shi da tsami, yana kaiwa 9 ko 10, shi ya sa kike jin fuskarki ta ɗaure bayan wanka. Asalin aikin tona ke nan, ta mayar da fata yadda take. Amma yanzu kamfanoni sun mayar da ita abin ɗauko sinadarai iri-iri, har kwalba biyu masu suna ɗaya su yi aiki kishiyar juna: ɗaya ta busar, ɗaya ta jiƙa.

To yaya zan kwatanta biyu idan ina tsaye a shago?

Ki bar goshin kwalbar, talla ce. Ki juya baya inda aka jera kayan haɗin da ƙananan haruffa. Ƙa'ida ita ce a fara da abin da ya fi yawa a gangara zuwa mafi ƙanƙanta, sai dai waɗanda ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, su ana iya jera su yadda aka ga dama. Ruwa ne kusan kullum a farko. Sunaye huɗu ko biyar da ke biye da shi su ne ainihin abin da za ki biya kuɗi a kai. Idan an zana hoton kokwamba ƙato a gaba, kika same ta can ƙarshen layi bayan turare, to ɗiga ta kawai aka yi don a samu na faɗa.

Fuskata maiƙo gare ta, ga ƙuraje. Wacce ta dace da ni?

Ki nemi mai salisilik, wani sinadari mai tsami, daga kashi 0.5 zuwa 2. Shi yana narkewa cikin mai, don haka yana shiga ƙofofin fata ya kwance dattin da ya toshe su. Ta Paula's Choice da ake yawan nema kashi 2 ce. Salisilik dangin asfirin ne, wadda jikinta ba ya karɓar asfirin ta tambayi likita tukuna.

Abin da ke ruɗar masu maiƙo shi ne tona mai barasa. Za ki ga an rubuta Alcohol Denat a na biyu ko na uku. Kina shafawa sai sanyi, maiƙo ya ɗauke nan take, ki ce kin dace. Bayan makonni fata ta soma zafi da saɓa, maiƙon kuma yana nan inda kika bar shi. Amma ba duk mai wannan suna ne mugu ba. Cetyl da Stearyl, duk da ana haɗa su da kalmar Alcohol, masu laushi ne, ba sa busarwa.

Da hunturu fa? Tonar da nake so da damina sai ta riƙa yi mini raɗaɗi.

Ba tonar ce ta canza ba, iskar ce. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar Kaduna ba ta da laima, ga ƙura, ga alwala sau biyar a rana, wani lokaci da ruwan zafi saboda sanyin asuba. Fatar da ke tsattsagewa a ɓoye ba ta jure tsami. A wannan lokaci ki koma ga mai gilisarin, ko fantenol, ko hayaluronik. Su aikinsu riƙe ruwa ne. Sai dai akwai sharaɗi: ki shafa fuska tana da ɗan danshi, ki bi da mai nan da nan ya rufe. In kin bar ta haka, iska za ta kwashe ruwan kafin ki gama ɗaura kallabi. Ni gilisarin na fi yarda da shi, ga araha, ga aiki, sunansa ne kawai bai da burgewa.

Tabon da ƙuraje suka bar mini fa?

Baƙar fata da tabo sai haƙuri, ƙurji ɗaya na mako guda ya bar shaida ta watanni. Gilaikolik, wani sinadari mai tsami wanda asalinsa daga rake ne, yana sassaɓe matacciyar fatar sama. Ta The Ordinary kashi 7 ce, Glow Tonic ta Pixi kashi 5. Laktik, tsamin da ke cikin nono, ya fi shi sauƙi. Ki fara da sau biyu a mako, da dare. Duka biyun suna sa rana ta fi cin fata, don haka idan ba za ki shafa man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama ba, ki haƙura da su. Ranar Maris da Afrilu a garin nan za ta mayar miki da tabon ya fi da duhu. Niyasinamaid, wato bitamin B3, kashi 2 zuwa 5, ba ya saɓe fata, yana rage tabo a hankali, yana kuma rage maiƙo.

Wata mai gyaran jiki ta ba ni tona ta haɗi, ta ce ta gargajiya ce zalla, kwana bakwai zan yi haske.

Ki ajiye ta. Wata ƙanwata ta karɓi irinta ana saura wata ɗaya bikinta, a farar roba ba suna ba lamba. Ta yi haske kam, har ana tambayarta sirrin. Da ta daina sai kumatu suka yi ja kamar an mare ta, jijiyoyi suka fito raɗau, ƙananan ƙuraje suka feso har haɓa, ga gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin. Likitan fata ya ce alamun sitiroyid ne, wani magani mai ƙarfi.

Kurkur da dilka ba sa mayar da mutum fari cikin kwana bakwai. Abin da ke yin haka sitiroyid ne irin kulobetasol, ko haidurokwinon mai yawa, ko makuri da ke lalata ƙoda. Hukumar NAFDAC ta hana makuri a kayan shafa, haidurokwinon kuma ba ta yarda ya wuce kashi 2 ba. Kwalbar da ba jerin kayan haɗi, ba lambar rajista, ba ranar ƙarewar aiki, ba ki da abin da za ki kwatanta ta da shi.

Ruwan wardi da iyayenmu ke amfani da shi fa?

Yana sanyaya fuska, yana da ƙamshi, iyakarsa ke nan. Ki duba ko na gaske ne, don da yawa ruwa ne da turare da kala.

Zan iya haɗa biyu a lokaci ɗaya?

Mai jiƙa fata da mai tsami, eh, ɗaya da safe ɗaya da dare. Masu tsami biyu a dare ɗaya, a'a. Kuma kowace sabuwa kika saya, ki ɗiga kaɗan a bayan kunne ko ƙasan muƙamuƙi, ki bar ta kwana biyu. Idan wurin ya yi ja ko ƙaiƙayi, kada ta hau fuskarki, ko nawa kika saye ta.