Jan turaren bakin kogi: Eucalyptus camaldulensis

Eucalyptus camaldulensis bishiya ce daga cikin jinsin da Hausawa ke kira turare, saboda ƙanshin da ganyenta ke yi idan an murza shi a hannu. Asalinta ƙasar Ostireliya ce, kuma duk cikin nau'o'in turare sama da 700 babu wadda ta kai ta yaɗuwa a can. Ana samunta a kowace jiha ta babban yankin ƙasar, ban da tsibirin Tasmaniya. Danginta ɗaya da gwaiba da kanumfari, wato Myrtaceae.

Sunanta na kimiyya kuwa daga Italiya ya fito. A shekarar 1832 wani masanin tsirrai, Friedrich Dehnhardt, ya bayyana siffarta daga wata bishiya da aka shuka a lambun Camaldoli kusa da birnin Napoli, sai sunan lambun ya bi ta.

Tsawonta yakan kai mita 20, wasu ma har 45. Ɓawonta sumul yake, fari ko ruwan toka, yana saɓulewa yana barin dabbare-dabbare a jikin kututture. Ganyen dogo ne siriri kamar tsinin mashi, yana rataye ƙasa, don haka zafin rana tsaka ba ya dukan fuskarsa sosai. Furenta fari ne, ƙudan zuma na son sa ƙwarai. Ƙwayar irin kuwa ƙanana ce kamar yashi, tana cikin wani ɗan ƙoƙo mai tauri da ke buɗe baki idan ya bushe. Cikin itacen ja ne, daga nan sunan jan turare ya samo asali.

Abin da ya fi muhimmanci a sani game da wannan bishiya shi ne, ko da yake a busasshiyar ƙasa take zaune, rayuwarta a kan ruwa ta dogara. A tsakiyar Ostireliya, inda ruwan sama na shekara bai cika kai milimita 300 ba, ba a ganinta a fili ko kan tudu. Bakin rafi take bi. A garin Alice Springs, kogin Todd yakan yi wata da watanni ba ɗigon ruwa a cikinsa, sai yashi, amma ga manyan turare jere a gaɓarsa har da tsakiyarsa, shar da su. Saiwarsu ce ta nutsa ta tarar da ruwan da ke kwance ƙarƙashin yashin. Haka nan irinta ya fi tsirowa bayan ambaliya ta janye ta bar danshi da laka. Tana jure zama cikin ruwa na tsawon makonni, tana kuma jure fari ta hanyar zubar da wani kaso na ganyenta.

Daji mafi girma na wannan bishiya shi ne Barmah-Millewa, a gaɓar kogin Murray tsakanin jihohin Victoria da New South Wales, mai faɗin hekta kusan 66,000. Ƙasar al'ummar Yorta Yorta ce tun kaka da kakanni. 'Yan asalin Ostireliya sukan ɓare ɓawon bishiyar su yi kwalekwale da garkuwa ba tare da sun kashe ta ba, kuma har yau akwai tsofaffin bishiyoyi masu ɗauke da wannan tabo. Jan ƙaronta ma magani ne a wurinsu. Da Turawa suka zo, an sare ta da yawa don katakon shimfiɗa layin dogo da turakun shinge, domin gara ba ta cin ta da sauƙi. Madatsun ruwa ma sun yi mata babbar illa: sun rage ambaliya, sun kuma sauya lokacin zuwanta. Dogon farin da aka yi a farkon shekarun 2000 ya bar bishiyoyi masu ɗimbin yawa a bushe. A 2010 aka mayar da dajin gandun ƙasa mai kariya.

Tsohuwar bishiya tana da wata daraja da ƙarama ba ta da ita. Sai ta haura shekara ɗari kafin kogo ya samu a jikinta, kuma a irin wannan kogo ne aku da jemagu ke haihuwa. Sai dai tana yar da babban reshe ba zato ba tsammani, ko da babu iska, shi ya sa ake hana matafiya kafa tanti a ƙarƙashinta.

An kai ta ƙasashe masu zafi da dama. A arewacin Nijeriya an dasa ta tare da darbejiya a shingayen tare iska da hamada, irin na yankin Dambatta a jihar Kano, kuma irin da aka ɗebo daga Petford da Katherine, a arewacin Ostireliya, shi ya fi karɓar ƙasar. Tana saurin girma, tana ba da itacen girki da gawayi da sandunan gini, in an sare ta kuma ta sake tohowa daga kututture. Manoman da ke kukan cewa geron da ke dab da shingen ba ya yin kyau suna da gaskiya, domin saiwarta na janye danshin gona, inuwarta kuma na tauye shuka. Ana rage wannan ta hanyar haƙa rami a gefen shingen a datse saiwoyin da suka miƙe zuwa gona. A Afirka ta Kudu kuwa ta mamaye gaɓar koguna har an sa ta cikin jerin baƙin tsirrai da doka ta ce a cire daga bakin ruwa.