Maganar ɗaure iyayen da ba su sa yara makaranta ba

Tun da aka fara yaɗa cewa za a kwashi iyaye a kai gidan yari saboda yara ba sa zuwa boko, a garin Gombe daga Pantami har Jekadafari kowace majalisa zancen kenan, wasu ma har sun ce tarar dubu hamsin ce. Jama'a mu bi abin a hankali.

Dokar ba sabuwa ba ce, tun 2004 Obasanjo ya sa mata hannu, ita ce dokar UBE, wato ta ilimin bai-ɗaya, kuma ta dalilinta jihohi suke da SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Ta ce karatun shekara 9, shida na firamare uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne. Almajirai, 'ya'yan makiyaya, 'ya'ya mata da masu naƙasa duk an ambace su.

Hukuncin kuwa mataki-mataki ne. Karon farko da kotu ta samu uba ko mariƙi da laifi jan kunne kawai za a yi masa, ba ɗauri ba tara. Karo na biyu ne ake cin tarar naira 2,000 ko zaman wata ɗaya ko duka biyun, in ya sake to 5,000 ko wata biyu ko duka. Kuma alƙali ne ke yanke wannan, ba hedimasta ba, ba mai unguwa ba, balle wani ya tare ka a hanya ya ce kawo kuɗin tara. Ita dubu hamsin ɗin ƙudiri ne da aka kai majalisar dattawa a 2023, kuma kai ƙudiri daban, sa hannun shugaban ƙasa daban. Jiha dai tana da tata dokar, don haka wanda aka aiko wa sammaci ya tambayi sashen da ake tuhumarsa da shi.

Abin da ke ba ni mamaki, akwai wani sashe da ba mai ɗaga murya a kansa. Duk wanda ya karɓi kuɗi a makarantar gwamnati ta firamare ko ƙaramar sakandare, tararsa za ta iya kai 10,000 ko wata uku a gidan yari, wato hukuncinsa ya fi na uban nauyi. Har littattafai, kujeru da abincin rana dokar ta lissafa cikin abin da ake bayarwa kyauta. To amma ka leƙa aji ka ga yara zaune a ƙasa an jera takalma bakin ƙofa, yau a ce kuɗin alli gobe na jarabawa jibi tsintsiya, uban da ke tura baro a babbar kasuwa yana da yara biyar ina zai samo?

Ni ban ce a bar yara suna talla ba, wallahi a kai su makaranta. Amma in za a fara kai mutane kotu, a fara da masu karɓar kuɗin.