Kuregen bishiya da malam-buɗe-littafin dare: me ya raba su?

*Tunda dukansu dabbobi ne, daga ina bambancin ya faro?*

Daga ƙashi. Kurege yana da ƙashin baya da haƙarƙari, nama da fata suka lulluɓe su. Malam-buɗe-littafin dare ba shi da ƙashi ko ɗaya, ɓawon waje ne ke riƙe da jikinsa. Ƙafafunsa shida, fukafukai huɗu. Garin nan da ke mannewa a yatsa in ka kama shi ba ƙura ba ce, ƙananan ɓawo ne jere reras a kan fiffike, su ne ke ba shi launi.

*Numfashi da jini fa?*

Kurege da huhu yake numfashi, jan jini ke rarraba iskar a jiki, kuma jikinsa da ɗumi ko da hunturu. Shi kuwa ƙwaron ba huhu, ba hanci. Ƙananan kafofi ne a gefen jikinsa, iska ta shiga ta bi siraran bututu har tsoka. Jininsa ba ja ba ne, ba ya dakon iska. In dare ya yi sanyi, da yawansu sai sun yi ta karkaɗa fukafukai tsoka ta ɗumama kafin su iya tashi.

*A ina tazarar ta fi girma?*

A haihuwa, nesa ba kusa ba. Uwar kurege tana haihuwar 'ya'ya kaɗan a kogon bishiya ko sheƙa, ido a rufe, jiki ba gashi, ta shayar da su makonni. Ɗan kurege kurege ne tun ranar farko, girma kawai yake ƙarawa.

Ɗauki nau'in malam-buɗe-littafin daren da ke haifar da tsutsar nan mai cin masara, wadda ta fito daga nahiyar Amurka aka fara ganinta a Najeriya a 2016. Macen tana zuba ƙwai 100 zuwa 200 a dunƙule a jikin ganye, a rayuwarta takan kai 1,000, ba kuma ta waiwayar ko ɗaya. Tsutsa ta ƙyanƙyashe, ta shige kan masara ta yi ta ci, tana saɓa duk lokacin da fatar ta matse ta. In ta ƙoshi sai ta sauka ta shige ƙasa. A can ne mafi yawan jikin ke narkewa a sake gina shi, har mai fiffike ya fito. Da zafi, wata guda ya isa a gama wannan zagaye. Shi ya sa manomin da ya yi sakaci na mako biyu yakan tarar da gona ta zama rariya.

*Kenan mai fiffiken ba shi ne ke ɓarna ba?*

Bai ma da abin tauna. Bakinsa siririn bututu ne a naɗe, ruwan fure yake zuƙa, wasu nau'o'in ma ba sa cin komai har su mutu. Aikinsa barbara da ƙwai, ci na tsutsa ne. Kurege kuwa gwaguya ta zame masa dole, don haƙoransa na gaba ba sa daina tsiro, sai da abu mai tauri suke gogewa.

*Me ke kai ƙwaron ga fitila?*

Ba son haske ba ne, duk da cewa haka aka saba faɗa. Wani bincike da aka wallafa a 2024 ya nuna ƙwari kan juya bayansu ga inda ya fi haske don su gane ina ne sama. Fitila sai ta rikita wannan lissafi, ƙwaron ya yi ta kewaye. Da yawansu kuma suna da kunnen da ke jin ƙarar jemage, su kauce ko su faɗo ƙasa da gangan. Kurege ɗan rana ne, ido da ƙafa ne jarinsa: yana iya juya ƙafafun baya ya maƙale farata a ɓawon itace, ya sauko da kai ƙasa a guje.