Ɗanyen kifi a hanyar tafiya: abin da iyalai ya kamata su sani game da sushi

A hutun makaranta da ya wuce na ɗauki iyalina daga Zariya zuwa Abuja ɗaurin aure, kuma bayan mun sha doguwar tafiya 'yata babba ta roƙe ni mu shiga wani gidan abinci da ke sayar da sushi, domin ta daɗe tana ganin hotunansa a waya. Sushi abincin mutanen Japan ne, shinkafa ce da ake haɗawa da ruwan khal a dunƙula, sannan a ɗora mata yankan kifi, galibi ɗanye, ko a naɗe su tare cikin busasshen ganyen teku.

Da aka kawo farantin sai na ga gefen shinkafar ya bushe, yankan kifin ya dusashe yana yauƙi, ga ƙarni yana tashi. Na taɓa shi da bayan yatsa, na ji babu sanyi ko kaɗan. Maiɗakina ta ce, "Baban Amira, ai an riga an biya kuɗi." Duk da haka na hana kowa ci, kuma a matsayina na ma'aikacin lafiya wannan magana ta kuɗi ita ce ta fi tsaya mini a rai, domin da yawa daga cikin masu zuwa mana da amai da gudawa sun ga alama a abincin, amma suka ci don kada su yi asara.

Abincin da bai ga wuta ba sanyi ne kaɗai kariyarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da digiri 60 na ma'aunin Salshiyas, kuma kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a waje. Mu kuwa muna nesa da teku, don haka kifin da ya iso Arewa ya bi ta hannu da yawa, kuma duk inda aka ɗauke wuta ba a tayar da janareta ba, sanyin ya yanke. Akwai kuma tsutsar Anisakis da ke zama a naman kifin teku, wadda ke kama bangon ciki ta haddasa murɗa mai tsanani. Hukumar abinci ta Amurka ta ce a daskarar da kifin da za a ci ɗanye a digiri 20 ƙasa da sifiri har kwana 7 domin a kashe ta. Lemun tsami da yaji ba sa kashe ta, kuma ina roƙon 'yan mata masu koyon girki a intanet kada su gwada wannan abinci da tarwada ko karfasa a gida.

Abin da ya shafi har wanda bai taɓa jin sunan sushi ba shi ne gubar histamin. Idan kifi irin tuna ko titus ya daɗe a zafi, wannan guba tana taruwa a namansa, kuma suya ko dahuwa ba sa kawar da ita. Cikin mintuna zuwa awa ɗaya ko biyu bayan cin kifin, mutum zai ji fuskarsa ta ɗau zafi, ga ƙaiƙayi da ciwon kai. Saboda haka mai sayen kifin sanyi a Kasuwar Sabon Gari ta zaɓi wanda yake daskare ƙam, ta bar wanda ya saki yana zubar da ruwa.

Masu juna biyu, da ƙananan yara, da tsofaffi, da masu ciwon sukari ko raunin garkuwar jiki, su nisanci ɗanyen kifi ko a ina ne, su nemi wanda aka dafa da zafinsa.

Idan gudawa ta kama wani a hanya, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari. In babu na leda, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta ruwa mai tsafta. Idan aka ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi, ko amai ya hana shan ruwa, ko numfashi ya yi wuya, a nufi asibiti mafi kusa, kada a jira sai an dawo asibitin Shika ko na Gambo Sawaba da ke Zariya, kuma a gaya wa likita abin da aka ci da lokacin da aka ci shi.